Kafin ka sayi sabon batir, ka tambayi laftof ɗinka inda ta kwana

'Yan uwa ɗalibai, musamman na Gashuwa da Nguru, da mu 'yan Dapchi da ke zirga-zirga tsakanin gida da makaranta. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin maganar kuɗin aljihunmu ce da kuma furojek ɗinmu.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai: "Batir ɗina ya mutu." Ka cika laftof da daddare, ka rufe murfi ka kwanta, da safe ka buɗe ka tarar da kashi 20, ko ma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Daga nan sai a yanke hukunci: batir ya ƙare, sai an sayi sabo. A kira Baba ko Yaya a gida, a ce kwamfuta ta lalace, a turo kuɗi.

Ra'ayina shi ne, sau da yawa muna yanke wa batir hukunci ba tare da an saurari shari'arsa ba. Kuma ina ganin ɗalibin da ke karatu a arewacin Yobe bai kamata ya bar laftof ɗinsa a kan saitin barcin da ta zo da shi daga kamfani ba. Saitin nan an yi shi ne don mutumin da wuta ba ta yanke masa. Mu kuwa kowa ya san yadda muke.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin na'urar, don kada a ce surutu ne kawai.

Tun shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta tsara matakan da kwamfuta ke shiga tsakanin farke da kashewa. S0 shi ne tana farke tana aiki. S3 shi ne barcin da muka sani tun da: komai ya tsaya, sai RAM kaɗai ake ba wa 'yar wuta don kada ta manta abin da ka buɗe. S4 shi ne Hibernate: kwamfuta ta kwashe duk abin da ke cikin RAM ta rubuta a kan hadis ko SSD, sannan ta mutu murus, in ka kunna ta dawo da kai daidai inda ka tsaya. S5 kuma shi ne kashewa gaba ɗaya.

To, a 2012 da Windows 8 ta fito, Microsoft ta kawo wani sabon salon barci, wanda daga baya a Windows 10 aka raɗa masa suna Modern Standby. Manufar ita ce laftof ta zama kamar waya: allo ya mutu, amma ita tana nan ido biyu, tana riƙe da intanet, tana karɓar saƙo, tana sauke sababbin gyare-gyare, kana ɗaga murfi ta farka nan take. A Hausance wannan lamɓo ne. Idan komai ya tafi daidai wutar da take sha kaɗan ce. Amma idan wata manhaja ko wani direba ya ƙi kwanciya, haka za ta kwana tana aiki a rufe, ta yi zafi, ta shanye cajin da ka sha wahala ka samu. Yawancin sababbin laftof da wannan salon suke zuwa, wasu ma an cire musu S3 ɗin kwata-kwata.

Wanda ya tsara wannan abu yana zaune ne a inda soket ke gefen gado, da gefen tebur, da cikin jirgin ƙasa. In ta sha kashi 30 da daddare, da safe ya jona, shi ke nan. A wurinsa ƙaramin abin haushi ne. A wurinmu kuwa kashi 30 ɗin nan shi ne awa guda na rubuta babi na uku. Shi ne kuɗin da ka biya a shagon caji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai janareto ya ƙara kuɗin caji, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ke zaune a ɗakin haya cikin gari ya san yadda ake tashi tsakar dare a guje a jona caja don an kawo wuta, ba a san minti nawa za ta yi ba. Cajin da aka samu ta wannan hanya a ce ya tsiyaye a banza mutum yana barci, wallahi abin da ciwo.

Yanzu ga yadda ake binciken. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sauke wata manhaja, ba ya buƙatar ko sisi. Duk kayan aikin suna cikin Windows ɗin da kake amfani da ita.

Ka danna maɓallin bincike ka rubuta cmd. Idan Command Prompt ta bayyana, ka danna ta da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Run as administrator. Baƙin allo zai buɗe. Kada ya ba ka tsoro, ba abin da za ka ɓata.

Tambaya ta farko: batir ɗin ne da kansa ko kuwa? Ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta gaya maka inda ta ajiye rahoton. Ka buɗe shi, ka nemi layi biyu: DESIGN CAPACITY, wato ƙarfin da aka ƙera batir ɗin da shi, da FULL CHARGE CAPACITY, wato abin da yake iya ɗauka a yau. Mu ƙaddara na farko 45,000 ne, na biyu 38,000. Wannan batir da sauransa, bai kamata ya kwana ya ƙare ba, akwai abin da ke shan sa. Idan kuwa na biyun ya sauko 14,000, to gaskiya tsufa ya kama shi, kashi 100 ɗin da kake gani a allo na ƙaramin tulu ne. Yawancinmu Landan yus muke riƙewa, waɗanda suka yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwannin Legas da Kano, don haka wannan lambar ita ce ta farko da ya kamata kowa ya sani game da na'urarsa.

Tambaya ta biyu: wane irin barci take yi? Ka rubuta powercfg /a. A saman jerin za ka ga matakan da taka ke iya shiga. In ka ga S3, tsohon salo ce. In ka ga S0 Low Power Idle, mai lamɓo ce.

In mai lamɓo ce, ka rubuta powercfg /sleepstudy. Wannan rahoton shi ne nake nufi da tambayar ta inda ta kwana. Zai jero maka duk lokacin da ta shiga barci a kwana ukun da suka wuce, awa nawa ta yi, kashi nawa ta sha, kuma zai shafa launi: kore lafiya lau, ruwan lemo da ɗan matsala, ja kuwa nan ɓarnar take. In ka danna layin ja zai nuna maka waɗanda suka fi hana ta sakewa, ko katin Wi-Fi ne, ko na sauti, ko wani abu da ke jone a USB, ko sabuntawar Windows.

In tsohon salo ce, matsalar galibi ita ce wani abu yana tashin ta daga barci. Ka rubuta powercfg /lastwake ka ga wanda ya tashe ta na ƙarshe. Ka rubuta powercfg /devicequery wake_armed ka ga jerin na'urorin da aka ba izinin tashin ta. Sau tari za ka tarar da linzamin nan mara waya ne: ɗan ƙaramin abin nan yana maƙale a USB, linzamin yana cikin jaka, ya motsa kaɗan, kwamfuta ta farka. Ka rubuta powercfg /waketimers ka ga ko akwai manhajar da ta saita wa kanta agogon tashi. Akwai kuma powercfg /requests, wanda ke nuna abin da ke hana ta shiga barci da kanta in ka tashi ka bar ta a buɗe, kamar bidiyon da aka tsayar a burawuza ko fayil da ake saukewa.

Minti goma sun isa a yi duk wannan. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai abubuwa uku da na lura sun fi cin mu a nan, waɗanda masu bayanin a Turance ba kasafai suke kawo su ba, don rayuwarsu daban ce.

Na farko, cajin waya. Mu faɗa wa juna gaskiya. A ɗakin da mutum huɗu ke kwana babu wuta, duk mai laftof ya zama tashar caji. "Aboki, don Allah bari in ɗan sa wayata." Laftof da yawa suna da ramin USB da ke ci gaba da ba da wuta ko tana barci, wasu ko a kashe take. Lenovo suna kiran sa Always On USB, Dell kuma PowerShare. Mu yi lissafi. Wayoyin da muke riƙewa, Tecno ne, Infinix ne, Redmi ne, da yawansu batir ɗinsu 5,000 mAh ne, wanda ya kai kusan 19 Wh. Batir ɗin laftof mai lafiya galibi tsakanin 40 ne zuwa 55 Wh. Ke nan waya guda in ta cika daga laftof ta kwashe abin da ya kusa rabi, ban da wanda ke salwanta a hanya ya zama zafi. In batir ɗin dama ya tsufa, waya ɗaya ta isa ta tsotse shi tas. Da safe sai a ce batir ya mutu, alhali ga wanda ya sha shi can a kan katifa yana kallon TikTok. Ba ina cewa a daina taimakon juna ba ne, zaman tare ya gaji haka. Amma mai babi na huɗu a gabansa yana da haƙƙin ya ce a yi haƙuri yau, kuma bai kamata a kira shi marowaci ba. Wanda ba ya iya cewa a'a kuwa, ya shiga BIOS ya kashe wannan saitin, ya huta.

Na biyu, ɗauke wuta tana cikin barci. Ka jona ta, ka rufe murfi, ka kwanta. Ita mai lamɓo in ta ga tana kan caji sai ta saki jiki ta kama ayyukan da take jinkirtawa, kamar sauke sababbin gyare-gyare. Ƙarfe ɗaya a ɗauke wuta. An sha samun laftof ɗin da ba ta lura da wuri cewa yanayi ya canza ba, ta ci gaba da hidimarta a kan batir. Shi ya sa masu gwaji ke ba da shawarar a zare caja tukuna kafin a rufe murfi. To mu wa zai zare mana? Wutar da kanta take zarewa, ba sallama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna saitin ba namu ba ne.

Na uku, jaka da zafi. Ka rufe laftof ka cusa a jaka, ka shiga mota daga Dapchi, ka bi ta Bayamari ka nufi Gashuwa, jaka a kan cinya ko a but, ga rana ta watan Afrilu ko Mayu da ma'auni ke haura 40. In ta farka a cikin jakar nan ba inda iska za ta shiga, fanka na juyi a banza. Ka isa ka taɓa ta kamar an sauke daga kan garwashi. Batir ɗin lithium ba abin da ya tsana kamar zafi. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa, kuma sinadarin iri ɗaya ne da na HP da Dell da Lenovo. Mu da inuwarmu ma takan wuce 35 a bazara, ina ga cikin jaka a cikin mota? A nan ne abin ya fi ba ni takaici: lamɓon nan yana shan cajin yau, kuma a hankali yana kashe batir ɗin gaske. Wanda aka yi wa ƙazafin mutuwa bara, bana sai ya mutu da gaske.

Mafitar da nake kira gare ta mai sauƙi ce: mu mayar da Hibernate ya zama shi ne barcinmu.

Ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, a gefen hagu ka danna Choose what closing the lid does. A layin rufe murfi ka sauya Sleep zuwa Hibernate, a ɓangaren batir da ɓangaren caji duka. In ba ka ga Hibernate a zaɓin ba, ka koma baƙin allon nan ka rubuta powercfg /hibernate on. A wannan shafin dai, in ka danna Change settings that are currently unavailable, za ka iya sa Hibernate ya riƙa fitowa a jerin kashewa. Daga ranar, kana rufe murfi za ta adana aikinka ta mutu. Ba linzamin da zai tashe ta a jaka, ba intanet da za ta riƙe. Ka bar ta da kashi 80 da daddare, ka same ta a kusa da haka da safe, matuƙar batir ɗin na da lafiya kuma ba wayar kowa a jikinta.

Wanda bai son ya rabu da Sleep gaba ɗaya, akwai tsaka-tsaki. A Power Options ka danna Change plan settings, sannan Change advanced power settings, ka buɗe Sleep. A Hibernate after ka sa minti 20 ko 30, yadda in ka rufe don zuwa sallah ka dawo za ta farka nan take, in kuwa ka daɗe sai ta wuce Hibernate da kanta. A nan kuma, in akwai Allow wake timers, ka mayar da shi Disable. Na'urorin da ke tashin ta kuma, ka shiga Device Manager, ka buɗe linzamin ko katin intanet ɗin, a shafin Power Management ka cire alamar da ke gaban Allow this device to wake the computer. Sannan ka saba da zare duk abin da ke USB da kunna yanayin jirgin sama kafin ka rufe.

Masu MacBook, ku 'yan gata ne kaɗan amma ba ku tsira ba: ku duba saitin batir ku kashe Wake for network access, da Power Nap ga masu tsofaffin. 'Yan Linux na sashen kwamfuta kuma kun san inda za ku leƙa, fayil ɗin mem_sleep zai gaya muku ko s2idle kuke kai ko deep.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wasu za su ce Hibernate na da nawa. Gaskiya ne, musamman ga mai tsohon hadis mai juyi, zai iya jiran rabin minti ko fiye. Mai SSD kuwa 'yan daƙiƙu ne. Amma a auna mana: rabin minti na jira, da awa biyu a zaune a bencin mai caji ana gadin laftof, wanne ya fi tsada?

Wasu za su ce yana cinye wuri. Eh, akwai fayil mai suna hiberfil.sys da kan ɗauki kusan kashi 40 na girman RAM ɗinka. Mai RAM 8 GB zai rasa wajen 3 GB. Finafinan Indiya biyu ke nan, ko kashi kaɗan na wani dogon shirin Kannywood da ka riga ka gama kallo.

Wasu kuma, musamman masu ɗan ilimin abin, za su ce yawan Hibernate na tsufar da SSD don kullum ana rubutu a kansa. Mu lissafa. A ce duk lokaci tana rubuta 4 GB, sau uku a rana, 12 GB ke nan. A shekara bai kai terabait 5 ba. Ƙananan SSD ma ana ƙera su ne su jure rubutun terabait gommai zuwa sama da ɗari. Za ka gama digiri, ka yi hidimar ƙasa, ka yi aure, SSD ɗin na nan. Batir ɗin da ake gasawa a jaka shi ne ba zai kai ka aji huɗu ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa: "Malam, duk wannan kame-kame ne. Matsalarmu wuta ce. A ba mu wuta, a sa mana sola, a daina koya mana dabarun talauci." Ina tare da su ɗari bisa ɗari a kan cewa ɗalibi ya cancanci wutar karatu, kuma shugabannin ɗalibai su ci gaba da neman wannan haƙƙi ba gajiyawa. Rana kam Allah Ya ba mu ita a Yobe har ta yi yawa, babu dalilin da zai sa ɗalibi ya rasa inda zai yi caji. Amma sufabaiza ba zai ɗage ranar karɓar furojek don ana jiran sola ba. Neman haƙƙi daban, tsare abin da ke hannunka daban, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya. Ko an kawo solar ma, laftof ɗin da ke farkawa a jaka za ta ci gaba da dafa batir ɗinta.

Akwai kuma inda maganata ba ta kai ba, kuma dole in faɗa. Idan rahoton ya nuna batir ya sauko ƙasa sosai, ko laftof na mutuwa farat ɗaya daga kashi 40, ko ana zare caja take ɗaukewa, to saiti ba zai yi magani ba, sai canji. Idan kuma ka ga wurin linzamin jikinta ya fara tasowa, ko ƙasanta ya kumbura, ko murfi ya daina rufuwa daidai, batir ya kumbura ke nan. Ka daina cajin sa nan take, kada ka danna shi, kada ka huda shi, kada ka kwana da shi kusa da katifa. Ka kai a cire. Wannan maganar gobara ce, ba ta caji ba.

Abin da nake ƙi shi ne a sayi batir a makance. Wata 'yar ajinmu ta kai tata wurin wani mai gyara, bai ko kunna ta ba ya ce batir ne. Ta biya, aka sa mata wani. Bayan kwana uku ga matsala ta dawo yadda take. Da muka zauna muka duba, linzaminta mara waya ne ke tashin kwamfutar, kuma tsohon batir ɗin da ta baro a shagon wataƙila ya fi sabon inganci, don kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da tambarin kamfani. Ba duk masu gyara ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da za su gaya maka gaskiya ko da ba za su ci ko kwabo ba. Amma kai ma ka je da saninka. In ka shiga shago ka ce, "Malam, na duba, ƙarfinsa na asali kaza ne, yanzu kaza ya rage," salon maganar ma canzawa yake. Haka in za ka sayi Landan yus: ka roƙi mai shago ya bari ka fitar da rahoton batir a gabansa kafin ka biya. In an sa maka sabon batir ma ka sake fitarwa kafin ka bar wurin. Mai kaya mai kyau ba zai hana ka ba.

Ku tuna fa, wanda ke karɓar alawus ɗin NELFUND, a 2024 naira 20,000 ne a wata. Batir mai kyau zai iya lashe shi duka har ya nemi ciko. Wanda ba ya karɓa kuwa, kuɗin nan daga gero ko wake ko akuyar da aka sayar a gida yake fitowa. Iyayenmu ba su san S3 ba, ba su san Modern Standby ba. Abin da suka sani shi ne yaro ya ce kayan karatu sun lalace, sai a nemo ko ta halin ƙaƙa. Amanar da ke tsakaninmu da su ta sa ya zama wajibi mu tabbatar kafin mu buga waya.

Ga 'yan uwa da za su tafi dogon hutu gida, Dapchi ne, Machina ne, Yusufari ne, inda wataƙila laftof za ta yi makonni ba a taɓa ta ba: kada ku bar ta a Sleep, kada ku ajiye ta babu caji ko kaɗan, kada kuma ku cika ta maƙil ku jefa a akwati. Ku bar ta a wajen rabi, ku kashe ta gaba ɗaya, ku ajiye a wuri mafi sanyi a ɗakin, nesa da kwanon rufi da taga. Batir ɗin da ya daɗe a sifili yakan ƙi karɓar caji daga baya.

A ƙarshe ina da roƙo ga mutum uku.

'Yan sashen kwamfuta, musamman shugabannin NACOS a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da takwarorinsu a Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da kwalejojin Nguru: ku ware yini guda a farkon kowane zango, ku ajiye tebur a inuwa, duk mai laftof ya kawo a fitar masa da rahoton batir a gyara masa saitin murfi, kyauta. Ba kuɗin haya, ba kuɗin data. Zai fi wani taron da ake kashe kuɗi a buga riguna amfani, kuma ku ma hannunku zai faɗa.

Malamanmu masu koyar da darasin kwamfuta na bai-ɗaya, da girmamawa: mun haddace tarihin kwamfuta tun daga zamanin da take cika ɗaki, mun gode. A ƙara mana awa ɗaya a kan yadda za mu raya wadda ke cikin jakarmu a garin da ake zafin digiri 40.

Ku kuma 'yan ajin ƙarshe, kada ku jira sai makon kare furojek. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da daddare ku fitar da rahoton, ku sauya saitin murfi, ku rubuta kashin da kuka bari kafin ku kwanta, da safe ku duba. Sannan ko batir na da lafiya ko babu, ku riƙa tura wa kanku kwafin aikinku ta imel ko ku ajiye a filas, don Hibernate na tsare caji ne, ba ya tsare mutum daga ɓarawo ko ruwan shayi.

Wanda ya gwada ya ga bambanci, ya nuna wa na kusa da shi, musamman 'yan aji ɗaya da suka shigo da sabuwar laftof suna ɗoki, da 'yan uwa mata da galibi su aka fi yi wa tsada a wurin gyara. Wanda kuma ya gwada bai ga canji ba, ya kawo lambobin da rahoton ya nuna masa mu duba tare.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Amin.